Akwatin Mai Karatu da Hannun Doka: Tarihin Dokar Batsa daga Kano zuwa Zangon Kumasi

A shekarar 2007, zamanin mulkin Malam Ibrahim Shekarau, an yi wani taro a Kano inda aka tara littattafan soyayya na Hausa aka cinna musu wuta a bainar jama'a. Hukumar A Daidaita Sahu ce ta shirya taron, littattafan kuwa daga hannun 'yan mata ɗaliban sakandare aka karɓe su. Mafi yawan waɗanda suka yi rubutu a kan wannan rana sun tsaya ne a kan marubuta, cewa an ci musu fuska an ƙone guminsu. Haka ne. Sai dai akwai ɓangaren da ba a cika kula da shi ba: littattafan da wutar ta ci ba daga shago ko maɗaba'a aka kwaso su ba, daga akwatin masu karatu suka fito. Ƙwace littafi a hannun ɗaliba tsohon abu ne a makarantun kwana, amma gwamnati ta mayar da shi bikin hukuma, wannan sabo ne. Dokar batsa da Turawa suka bari a Afirka ta Yamma, a Kano ko a Kumasi, da mai sayarwa take faɗa, ba ta saba leƙa akwatin mai saye ba. Yadda hannun hukuma ya taso daga teburin ɗan kasuwa ya doshi wannan akwati tarihi ne da ya kamata ɗalibin Hausa ya sani, musamman wanda ya fara tara littattafai don nazari.

Kafin a shiga kotu, sai an tsaya a kan kalmar. Batsa a Hausa ita ce magana ko aikin da ya fito da al'aura ko sha'anin kwanciya fili, inda kunya ta ce a sakaya. Ta bambanta da ashar, wanda zagi ne, ta kuma bambanta da alfasha, kalmar da aka aro daga Larabci wadda ta fi karkata ga mummunan aikin kansa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ma'aunin da Bahaushe yake auna batsa da shi. Ba kalmar kaɗai yake dubawa ba, yana duba wanda ya faɗa, da wurin, da wanda ke saurare. Malamin da ke biya wa almajirai babin wanka da na haila a cikin Ahalari ko Risala yana kiran kowane abu da sunansa, babu mai cewa ya yi batsa. Abin da ƙawayen amarya ke faɗa a tsakaninsu a ɗaki, in aka maimaita shi a gaban suruki ya zama abin kunya na shekaru. 'Yan gambara kuwa kasuwa ce filinsu, wanda ya tsaya ya saurare su ya san abin da ya tsaya ji. Rubutu shi ya rushe wannan tsari, domin takarda ba ta zaɓar mai karanta ta, ba ta kuma rage murya idan yaro ya shigo.

Abin mamaki, a kan wannan damuwa ɗin ce aka gina dokar Ingila. A 1857 majalisar ƙasar ta yi dokar da ta ba alƙalai ikon sa a shiga shago a ƙwace littattafai da hotunan batsa da aka ajiye don sayarwa, a lalata su. Dokar ba ta bayyana ma'anar batsa ba, sai da aka yi shari'ar da ake kira ta Hicklin a 1868. Littafin da aka yi shari'ar a kansa ma ba na nishaɗi ba ne. Ƙaramin littafin jayayyar addini ne da wasu Kiristoci 'yan Furotesta ke rabawa don tona irin tambayoyin da suka ce limaman Katolika na yi wa mata. Wanda aka kama da kwafe 252 a garin Wolverhampton ya yi imani yaƙi yake da lalata. Babban Alƙali Cockburn ya ce niyyarsa ba ta wanke shi ba. Abin dubawa, a hukuncinsa, shi ne ko rubutun na iya gurɓata zuciyar mai raunin hali da littafin ka iya faɗawa hannunsa. Ma'ana, ana auna littafin manya da ma'aunin mafi ƙanƙantar wanda zai iya tsintarsa. Duk wanda ya saurari hujjojin da aka kawo a Kano a 2007 zai gane muryar.

Ƙofa ta biyu ta buɗe a 1876, lokacin da dokar kwastan ta Birtaniya ta hana shigo da littattafai da zane-zanen batsa daga waje. Ta uku ita ce yarjejeniyar Geneva ta 12 ga Satumba 1923, a ƙarƙashin tsohuwar Ƙungiyar Ƙasashe wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta gada. Ƙasashen da suka sa hannu sun amince su hukunta mai ƙirƙira, mai shigowa da kaya, mai talla, da wanda ya ajiye irin waɗannan abubuwa domin ciniki ko rabawa ko nuna wa jama'a. Birtaniya ta shimfiɗa yarjejeniyar a kan ƙasashen da take mulka. A lura da sharaɗin: domin ciniki ko rabawa. Wanda ya ajiye don kansa, ya rufe akwatinsa, ba ya cikin lissafi.

Ta wannan hanya dokar ta iso ƙasar da Hausawa ke kira Gwalkwas, Gana ta yau, inda ta tarar da al'ummar da ta daɗe da sanin darajar takarda. Turawan da suka ziyarci Kumasi a 1817 da 1820, Bowdich da Dupuis, sun iske Musulmi a fadar sarkin Asante, mutanen da Hausawa ke kira Tonawa, suna rubuta wasiƙu da layu. Wani tarin takardun Larabci na Kumasi da aka tsinta bayan yaƙin Katamanso na 1826 yana ajiye har yau a ɗakin karatu na birnin Copenhagen. Fatauci kuwa goro ne ya kafa shi: ayarin Kano da Katsina kan sauka a Salaga ta ƙasar Gwanja, har yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar, 'yan kasuwa da malamai suka bazu zuwa Kete Krachi da Kintampo da sauran garuruwa. Alhaji Umaru, haifaffen Kano wanda ya rasu a Kete Krachi a 1934, yana cikin waɗanda suka yi wannan ƙaura, waƙoƙinsa na Hausa da Larabci kuma da hannu ake kwafarsu daga malami zuwa almajiri. Bayan yaƙin Yaa Asantewaa na 1900 da shigar Asante ƙarƙashin Birtaniya a farkon 1902, Zangon Kumasi ya bunƙasa da tsofaffin sojoji da fatake da malamai.

Kundin laifuffukan Gwalkwas na 1892 an ɗauko shi ne daga wani daftari da lauya R. S. Wright ya tsara wa tsibirin Jamaika, shi ne kuma kakan dokar laifuffuka ta Gana ta 1960, wadda ake kira Doka ta 29. Sashe na 280 na wannan doka ya haramta bugawa ko tallar littafi ko rubutu ko hoto na batsa. Sashe na 281 ya bi sawun yarjejeniyar Geneva kusan ƙafa da ƙafa, har da sharaɗin ciniki da rabawa. Laifin yana cikin ƙananan laifuffuka, waɗanda ɗaurinsu ba ya wuce shekara 3. Akwai wani misali da dokar ta kawo wanda ya cancanci a tsaya a kansa. Ta ce wanda ya buga littafi domin likitoci, ya yi bayanin kowane irin batu cikin iyakar kamun kan da batun zai ɗauka, bai yi laifi ba. Wanda kuwa ya tsamo wasu sassa daga littafin nan, ya jera su yadda za su tayar da sha'awa, shi ya faɗa. Kalmomi iri ɗaya, hukunci biyu. Wannan shi ne ainihin bambancin malamin Risala da ɗan gambara, an rubuta shi da harshen lauyoyin Ingila.

Ba wai gwamnatin mulkin mallaka ba ta san yadda ake hukunta mallakar takarda ba. Ta sani sarai, amma siyasa ta ajiye wa wannan makami. A 1934 ta gyara kundin laifuffuka don hana shigo da rubuce-rubucen da ta kira na tayar da zaune tsaye. A 1936 aka gurfanar da I. T. A. Wallace-Johnson, ɗan Saliyo, da Nnamdi Azikiwe, wanda a lokacin yake editan jarida a Accra, saboda wata maƙala da ta soki mulkin Turawa. Azikiwe ya kuɓuta a ɗaukaka ƙara. Wallace-Johnson, wanda tuhumarsa ta haɗa da samun rubutun a hannunsa, an ci shi tarar fam 50, ya kai kuka har kotun ƙarshe ta daular a Landan bai yi nasara ba. Wato a idon Bature, takardar da ke barazana ga mulki ita ce ta isa a bincike aljihu saboda ita. Wadda ke barazana ga tarbiyya, a bar ta a hannun kwastan da 'yan sandan kasuwa.

A Arewacin Nijeriya dokar ta biyo wata hanya ta daban amma ta sauka a wuri ɗaya. Kundin da ake kira Final Kod, wanda aka zartar a 1959 ya fara aiki a 1960, an gina shi a kan na Sudan, na Sudan kuma a kan na Indiya na 1860. Sashe na 202 ya shafi sayar da littattafan batsa da ajiye su don sayarwa, na 203 waƙoƙin batsa a bainar jama'a. Shekaru da dama waɗannan sassa ba su sami abin yi da adabin Hausa ba, dalili kuwa a fili yake. Tun daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki, zuwa Kamfanin Gaskiya da NORLA da NNPC a Zariya, mai buga littafin Hausa gwamnati ce ko ɗan gidanta, mai saye kuma makaranta. Edita ya riga ya tace kafin alƙali ya ji labari.

Tsarin ya karye a shekarun 1980. Yaƙi da jahilci da shirin ilimin firamare na bai ɗaya na 1976 sun samar da dubban masu karanta boko, mata da yawa a cikinsu, tattalin arziki kuma ya durƙusar da manyan kamfanonin ɗab'i. Sai marubuta suka koma buga littattafansu da kuɗin aljihunsu a ƙananan maɗaba'un Kano. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, Alhaki Kuykuyo Ne a 1990. In da So da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya cika gari a farkon shekarun 1990. Ibrahim Malumfashi ya kira wannan yayi adabin kasuwar Kano, ya soke shi ta fuskar inganci, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya masa, aka shafe shekaru ana muhawara a jaridu. Wanda ya karanta littattafan wancan zamani da idon basira zai ga cewa batsa a ma'anarta ta asali kaɗan ce a cikinsu ƙwarai. Abin da ya fi tayar da hankalin iyaye shi ne yarinya ta ƙi auren dole, ko matar aure ta kai ƙarar mijinta, ko budurwa ta rubuta wa saurayi wasiƙa. Kalmar batsa ta zama buhun da ake zuba duk abin da bai yi wa manya daɗi ba.

Bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Kano a 2000, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001. Tace, a asalinta, aikin mai koko ne da mai nono: a zuba a rariya, mai kyau ya wuce, dusa ta tsaya. Hukumar ba ta yi zafi ba sai a 2007, lokacin da wani bidiyon sirri na wata 'yar fim, wanda aka ɗauka da wayar hannu, ya fita ya yi ta yawo daga waya zuwa waya. Aka naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim, tsohon jami'in Hisba, shugaban hukumar, aka dakatar da shirya fim na wata 6, aka kafa kotun tafi-da-gidanka. A wannan shekarar aka ɗaure Adam A. Zango wata 3 saboda faifan waƙoƙinsa mai suna Bahaushiya. A ƙarshen Disambar 2008 aka yanke wa Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama ɗaurin wata 15 da tarar naira 300,000, hukuncin da babbar kotu ta soke a 2009.

Shari'ar Iyan-Tama ta fi sauran koyarwa, domin ba batsa aka tuhume shi da ita ba. Zargin shi ne rashin rajistar kamfani da sakin fim ɗinsa Tsintsiya a Kano ba tare da hukumar ta duba ba. Tabbatar da cewa abu batsa ne aiki ne mai wuya: sai an karanta, an kawo shaida, an yi jayayya a kan ma'ana. Tabbatar da cewa mutum ba shi da takardar izini kuwa minti biyar ne. Wannan dabara ce aka so a shimfiɗa wa marubuta a 2008, cewa kowane marubuci ya yi rajista, ya kuma kawo littafinsa a duba kafin ya buga. Reshen Kano na Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ƙarƙashin Gidan Dabino, ya yi turjiya, har aka sasanta a kan ƙungiyoyi ne za su yi rajista maimakon ɗaiɗaikun mutane. Duk da haka masu shagunan littattafai sun riga sun ɗauki darasi, mai shago kuwa ya fi kowace hukuma iya tacewa, tunda jarinsa ne a kan layi.

Zangon Kumasi ya kalli wannan rikici daga nesa, amma kayan da ake rikicin a kansu suna isa gare shi. Fim ya fi littafi yawo a can, kuma da dalili. Hausa ita ce harshen cuɗanya a unguwanni irin su Aboabo da Asawase da Sabon Zango, tsakanin Bahaushe da Bamoshe da Badagombe da Bazabarme, ana kuma jin ta a rediyon gwamnati, sai dai ba ta cikin harsunan da Gana ta ware don koyarwa a makarantun gwamnati. Yaron Zango kan koyi karatu da Ingilishi da Larabci, Hausa a baki take (Hausar da ɗalibi zai lura ta sauke bambancin jinsi, ana cewa "ya zo" ko da mace ake nufi). Saboda haka kaset da faifan Kano sun shiga ɗakunan da littafin Kano bai shiga ba. Faifan da zai kai mai shago gaban kotun tafi-da-gidanka a Kano, a Kumasi haja ce kamar kowace, domin ikon hukumar bai wuce iyakar jiha ba.

Shekarar 2001 ma ta raba ƙasashen biyu ta wata fuska. A shekarar da Kano ta kafa hukumar tacewa, majalisar Gana, zamanin Shugaba John Kufuor, ta soke dokokin da ke ɗaure mutum saboda ɓata suna da tayar da zaune tsaye, wato zuriyar dokokin da aka kama Wallace-Johnson da su. Tsarin mulkin 1992 ya riga ya hana tace kafafen watsa labarai a sashe na 162, ko da yake sashe na 164 ya bar ƙofa ga dokokin kare tarbiyyar jama'a. Ta wannan ƙofa sassan batsa suka tsira, ba kuma barci suke ba. A Afrilun 2021 wata kotu a Accra ta yanke wa wata 'yar fim ɗaurin kwana 90 saboda hoton da ta ɗauka ba sutura a gaban ɗanta ƙarami ta saka a shafinta na intanet, daga baya aka mayar da hukuncin tara. Dokar da aka rubuta don mai shagon littattafai ta kama mai waya, domin a idon kotu saka hoto a shafi bugawa ne.

Yanzu sai a waiwayi mai tarawa, wanda ba ya sayarwa ba ya rabawa. (Rubutun boko yana yi wa ɗalibi wasa a nan: tara ta ajiya, tara ta kotu, da tara mai bin takwas duk harufa ɗaya ne, karin sauti da tsawon wasali ne ke raba su.) Inda aka fi gwada matsayinsa a gaban alƙali shi ne a kan littattafan zane na Japan da ake kira manga, waɗanda matasan Kumasi da na Kano ma ke karantawa a wayoyinsu. Manga teku ce: akwai ta yara, ta wasanni, ta tarihi, akwai kuma ta manya zalla. A Japan kanta sashe na 175 na kundin laifuffuka na 1907 ya haramta rabawa da sayar da kayan batsa da ajiye su don sayarwa. Shari'ar farko da aka yi a kan manga ƙarƙashinsa ita ce ta littafin Misshitsu, inda aka sami mai kamfanin Shobunkan da laifi a 2004, Kotun Ƙoli ta tabbatar da tarar yen miliyan 1.5 a 2007. Mai bugawa aka kama, bisa tsohon tsari. A 2014 Japan ta haramta mallakar hotunan lalata da yara na gaske, amma ta bar zane a waje. Saboda haka littafin da ke halal a kantin Tokyo yana iya zama laifi da zarar ya sauka a wata ƙasa.

Haka ta faru a Amurka. Tun 1969 Kotun Ƙolin ƙasar, a shari'ar Stanley, ta ce gwamnati ba ta da ikon hukunta mutum saboda abin batsan da ya ajiye a cikin gidansa. Amma a hukunce-hukuncen 1971 da 1973 ta ƙara da cewa wannan kariya ba ta shafi aikawa ta gidan waya ko shigowa da shi daga waje ba, ko da don amfanin kai ne. An halatta ɗaki, an haramta hanyar zuwa ɗakin. A 2003 kuma aka yi dokar da ta sa zanen batsa mai nuna ƙananan yara cikin laifuffuka. A 2006 jami'an kwastan suka buɗe wani ƙunshi da aka aiko daga Japan zuwa ga wani mai tara manga a jihar Iowa. Aka bi shi gida, aka kwashe kaya fiye da 1,200, aka tuhume shi a kan 'yan ƙalilan daga ciki. Ba a same shi da hoton yaro na gaske ba. Ya amsa laifi a 2009, aka ɗaure shi wata 6 a 2010. A Suwidin an sami wani mai fassarar manga da laifi a 2010 saboda zane-zanen da ke cikin kwamfutarsa, sai a Yunin 2012 Kotun Ƙoli ta wanke shi. Ta ce 38 daga cikin zane 39 ba su yi kama da mutane na gaske ba, ɗayan da ya yi kama kuma aikinsa ya ba shi uzurin riƙewa. Ingila ta bi hanya mafi tsauri: dokarta ta 2009 ta sa mallakar irin wannan zane kaɗai laifi ne mai ɗaurin har shekara 3.

Bai kamata a cuɗa waɗannan shari'o'i da abin da ya faru a Kano ba. Hujjar kare yara daga masu lalata da su tana da nauyin da hujjar hana budurwa karanta labarin auren dole ba ta da shi, kuma ƙasashe masu bambancin addini da siyasa sun haɗu a kanta. Jayayyar da ta rage tsakanin kotuna ita ce ko zanen da babu yaro na gaske a bayansa ya shiga wannan hukunci. Abin da ya haɗa labaran biyu shi ne alƙiblar da doka ta dosa, daga mai sayarwa zuwa mai riƙewa.

Gana da Nijeriya sun riga sun bi wannan alƙibla. Jerin kayan da kwastan suka hana shigowa da su a ƙasashen biyu har yau yana ɗauke da littattafai da zane-zanen batsa, gadon 1876, kuma ba ya tambayar ko don sayarwa ne ko don ajiya. Dokar laifuffukan intanet ta Nijeriya ta 2015, a sashe na 23, ta sa mallakar hoton lalata da yaro a kwamfuta laifi ne mai ɗaurin har shekara 5, ta haɗa da hoton wanda ya yi kama da yaro da hoton ƙirƙira mai kama da gaske. Dokar tsaron intanet ta Gana ta 2020, Doka ta 1038, ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 a sashe na 62, ma'anar da ta bayar kuma ta kai har ga zane da rubutu. Sashe na 67 na dokar ya hukunta wanda ya yaɗa hoton sirrin wani ba da izininsa ba. Da irin wannan sashe aka duba rikicin Kano na 2007, da waɗanda suka yi ta tura bidiyon ne za su amsa tambaya, ba matar da aka tona wa asiri ba.

Wayar hannu ta ƙarasa abin da ya rage na tsohon bambanci tsakanin ajiya da rabawa. Littattafan Hausa da dama yanzu ba sa ganin maɗaba'a: ana rubuta su babi-babi a WhatsApp da Wattpad da Facebook, ana biyan kuɗin shiga rukuni, kuma a nan ne batsa ta gaske, wadda aka yi ta zargin littattafan 1990 da ita, ta sami wurin zama. Mai karatu a Aboabo da ya tura wa ƙawarsa babi ɗaya ya tashi daga mai akwati ya koma mai rabawa a ma'anar sashe na 281, ko da bai karɓi ko sisi ba. Ɗalibin da ke tara irin waɗannan rubuce-rubuce don kundin digiri yana tsaye a wuri ɗaya da shi ranar da ya aika wa abokin nazarinsa kwafi. Magabatansa ba su fuskanci wannan ba. Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess sun tara littattafan kasuwar Kano na takarda, suka fitar da jerin sunayensu na shekarun 1987 zuwa 2002 a cikin littafi a 2004, kuma saboda irin wannan tari ne ake iya duba yau a ga me ainihin littattafan da aka ƙone suka ƙunsa.

Hukumar ta Kano tana nan tana aiki. A Oktoban 2023, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta ƙwace kwafe fiye da 1,000 na Queen Primer, ɗan littafin koyon karatun Ingilishi da ya samo asali daga zamanin Sarauniya Biktoriya, zamanin da aka yi shari'ar Hicklin. Laifinsa kalma ɗaya ce mai harafi uku, wadda a Ingilishin wancan lokaci take nufin fara'a, a na yau kuma take nufin ɗan luwaɗi.